Jariri a Motar Ratsa Daji: Nazari Kan Wata Sabuwar Hidimar Iyali a Ƙasar Gobir

Daga cikin al'adun da suka kunno kai a gabashin Sakkwato, musamman a tsakanin masu hannu da shuni na Gangara da Sabon Birni da Isa, akwai sayen motar ratsa daji da sunan jariri, wato maigida ya wayi gari ya sanar da iyalinsa cewa tunda Allah ya kawo ƙaruwa, ƙaramar mota ba za ta ƙara ɗaukar nauyin gidan ba, alhali ƙaruwar da ake magana a kanta da ƙyar ta kai kilo 3, kuma ba a nemi shawararta ba. Motar ratsa daji ita ce wadda injinta ke iya juya ƙafafunta huɗu a lokaci guda, aka kuma ɗaga cikinta sama don kada ya daki ƙasa, irin su Hilux da Prado da Land Cruiser.

Hujjar maigida tana da tushe, domin ƙasar Gobir ƙasa ce ta rairayi da fadamu, inda Gulbin Rima da rassansa ke cika su batse da damina har hanyar da aka bi da hantsi ta zama tafki da la'asar. Sai dai mafi yawan tafiyar motar ba ta wuce tsakanin ƙofar gida da majalisa, shi ya sa giyar taimako, wato 'yar sandar nan da ke haɗa ƙafafun gaba da na baya idan an shiga taɓo, ba ta da wani aiki sai ɗaukar carbi.

Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera Hilux a 1968 domin dakon kaya, kuma motocinsa na a-kori-kura sun yi suna a 1987 lokacin da sojojin Chadi na Hissène Habré suka fatattaki dakarun Libiya da su a Fada, har aka riƙa kiran wannan karo Yaƙin Toyota. Irin wannan tarbiyya tana barin alama. Sifirin na baya, wato faifayen ƙarfen da aka jera don su tare nauyi, ba ya laushi sai an ɗora masa buhunan gero ko albasa, idan kuwa motar ba kaya sai ta riƙa tsalle a kowane rami, abin da ke sa nonon da jariri ya sha a Gangara ya dawo da shi tumbuɗi a kafaɗar gwaggonsa kafin a isa Sabon Birni.

Hawan motar kansa wani babi ne, domin mai jegon da ta kwashe makonni tana wankan ruwan zafi ita ake so ta ɗaga ƙafa har kusan gwiwa, tana riƙe da yaro da jaka da kofin kunun kanwa, kuma ɗaurin zanenta bai motsa ba. Wannan ne ya sa kujera 'yar tsuguno ta shiga jerin kayan aikin motar, tana zaune a gefen jak da safaya.

Rabon mazauni kuwa yana bin martaba. Gaba na aminin maigida ne, baya kuma, wanda aka yi don mutum 3, yana ɗaukar kaka da gwaggo da mai jego da 'yar raino. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a zaunar da yara a baya a kuma ɗaure ƙanana a kujerarsu ta musamman, saboda idan mota ta tsaya kwatsam nauyin yaro yakan ninka har hannun uwa ya kasa riƙe shi. Maigida yakan sayo wannan kujera daga Kano da tsada, amma ranar da aka fara gwada ta kaka takan leƙo ta ce, "Alhaji, wane laifi mijin nawa ya yi da za a ɗaure shi kamar ragon suna?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Daga ranar yaro ya koma cinya, kujerar kuma, da yake babu wurin da ya fi ta taushi da aminci, sai a ɗaure kular abinci a cikinta, kuma ba a taɓa jin miya ta zube ba.

Babbar ranar motar ita ce ta yawon arba'in, wato ziyarar da mai jego ke kai wa dangi da jaririnta bayan kwana 40 da haihuwa. Kafin a bar unguwa bayan motar ya cika da maƙwabtan da duk suka tuna suna da 'yan'uwa a Gatawa ko Unguwar Lalle. Da yake rashin tsaro ya koya wa mutanen karkara duban baƙuwar mota da kyau kafin su fito, farar Hilux takan tarar da gari tsit, sannan idan aka tabbatar da lafiya sai dattawa su ɗauka gwamnati ce ta zo, su gabatar wa jaririn buƙatunsu na rijiya da takin zamani.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, motar ta fi zama a ƙarƙashin darbejiya, ana wanke ta kullum, yayin da ake kai jaririn allurar rigakafi a kan babur, goye a bayan uwarsa. Duk da haka kuskure ne a ce ba ta yi masa amfani ba, domin matan gida sun tabbatar da cewa rufinta na ƙarfe yana busar da kayan jariri kafin azahar, kuma tsayin da aka yi mata don ratsa gulbi ya isa ya hana awaki cin hularsa.