Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Taramol

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙon da aka ƙosa ya tafi, na rubuto ne in taya ka murnar farin jini. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne ke afa ka, kai da danginka, ba tare da likita ya rubuta musu ba. Ɗan takarar gwamnan da ya samu rabin wannan ƙuri'a, ai ko kotu ba za a kai shi ba.

Dabararka ta shigowa ta burge ni. Giya ta daɗe tana leƙen gidajenmu, warinta yana tona mata asiri. Kai kuwa ta kemis ka biyo, da sunan magani, ba wari ba kwalba. NAFDAC ta yarda da kai a miligiram 50 da 100 saboda masu ciwo, amma wanda yaranmu ke haɗiya mai 225 ne, ɗan Indiya, da ake shigowa da shi kwantena-kwantena. Ɗan dako ya ce kana ƙara ƙarfi, ɗan jagaliya ya ce kana cire tsoro. Ɗan shekara 15 bai ma nemi dalili ba, aboki ne ya miƙa masa a bayan aji.

Ka gaida ƙanwarka Kodin. An haramta maganin tarinta a Mayun 2018, bayan fim ɗin da BBC ta yi a kanta. Tsada kawai ta ƙara. Kai ma da Indiya ta matsa maka lamba, sai ka turo ɗan'uwanka Tafrodol ya riƙe maka kujera.

Sai dai na lura ba ka taɓa gode wa masu gadinka na gaskiya ba, wato mu iyaye. Yaro ya sha ka fiye da kima, ya faɗi yana shure-shure da kumfa a baki, mu ce aljanu ne, a kira mai ruƙiyya. Kuɗin adashe ya ɓace, ɗan kunnen zinare ya bi shi, a kori 'yar aiki. Uwa ta sani, ta ɓoye wa maigida kada ya kori yaron. Maigida ma ya sani, ya ɓoye wa unguwa, don akwai ƙannensa mata da ba a aurar ba. In kuwa budurwa ce ka kama, sai a yi maza a ɗaura mata aure, ka bi kayan lefe ka tare a gidan wani bawan Allah. In abin ya gagara, a miƙa yaro gidan mari. Kowa ya ga waɗanda aka fito da su daga gidan marin Rigasa a 2019, da sarƙa a ƙafa.

Shi kuwa yaron da ya yi kwana biyu bai gan ka ba, ga gumi, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa. Bulala ba ta maganin wannan, aikin likita ne.

Don haka nake sanar da kai mun ajiye aikin gadi. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Can za mu kai 'ya'yanmu, da rana tsaka, mai son gulma ya yi.

Naka wanda ba ya yi maka fatan alheri,
Wani uba daga Kano