An Ga Motata a Marsey, Ni Kuwa Ina Liyon

Liyon, ƙasar Faransa.

Zuwa ga taubashina, sarkin gudu na hanyar Maradi zuwa Damagaram,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da tsohuwar Hiace ɗinka da har yanzu sai an tara yaran unguwa sun tura ta take tashi. Ka gaishe mini da Inna da Kawu, ka ce musu mu duka lafiya lau, sai sanyi. Saƙon muryarka ya iso, na ji kana cika baki wai babu direban da ke shan gabanka a duk tasha. To kashe mota ka zauna, yau labarin gudu zan ba ka, kuma sharrin da ya kamata ya faɗa kanka ne ya ƙetaro teku ya faɗo kaina.

Kwanakin baya na buɗe akwatin wasiƙu na ƙofar gida, na tarar da ambulan na hukuma. Takardu uku ne a ciki: koriya, shuɗiya, da mai ruwan lemo. Koriyar ta ce ranar kaza, ƙarfe kaza da minti kaza, an ga motata a cikin garin Marsey tana gudun kilomita 71 a awa, a titin da aka ƙayyade 50. An yi mini rangwamen kilomita 5, kamar yadda ake yi wa kowa idan gudun bai kai 100 ba, ko da na'ura ta yi kuskuren awo, saura 66. Tara yuro 135. Idan na biya cikin kwana 15, yuro 90. Idan na yi kunnen ƙashi har kwana 45 suka wuce, ta koma 375. Tunda na san kanka ba ya ɗaukar lissafi sai na kuɗin lodi, bari in juya maka: 135 ɗin nan jika tamanin da takwas ne da ɗoriya, 375 kuwa ya kusa jika ɗari biyu da hamsin.

Ni kuwa, taubashi, tsakanina da Marsey akwai fiye da kilomita 300, kuma a wannan ranar ina wurin aiki, motata tana ajiye a bakin ma'aikata. Uwargida ta karanta takardar, ta dube ni tana dariya, ta ce in faɗi gaskiya, wa nake da ita a Marsey. Na faɗa maka wannan ne don na san bakinka. Kada in ji an je an gaya wa Inna na yi amarya a bakin teku ban aiko da goro ba.

Ka san wanda ya kama ni? Ba jandarma ba ne mai usur da za ka sauko kana murmushi, kana “haba shef, yau ko lodin kirki ban yi ba”, har ka tono cewa kakarsa da kakarka 'yan gari ɗaya ne. Wani akwati ne a kan turke a gefen titi, rada. Tun 2003 suka fara kafa su a ƙasar nan. Idan ka wuce da gudu sai ya yi walƙiya ya ɗauki hoto, hoton ya tafi wata cibiya a garin Ren, can wajen yamma, kwamfuta ta karanta lambar mota, ta nemo sunan mai ita, wasiƙa ta biyo ka gida. Duk zaƙin bakin nan naka da ka gada wajen Kawu, a nan ko ruwan sha ba zai samo maka ba. Akwatin ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, ba shi da dangi a Tibiri.

Kuɗin ma ba su ne abin tsoro ba. Tun 1992 farmin tuƙi a nan maki yake da shi, guda 12. Sabon direba kuma da 6 yake farawa. Kowane laifi da abin da ake cirewa. Irin wanda aka ɗora mini maki 1 ne. Wanda ya zarce ƙa'ida da kilomita 20, maki 2. Da 30, maki 3. Da 40, maki 4. Da 50, maki 6. Ranar da maki ya ƙare, farmi ya mutu. Na zauna na yi maka lissafi da irin ƙafarka: a Cadawa za ka bar 4, a Agye 4, a Gazawa wasu 4, kafin ka shiga Tasawa an karɓe farmin, ka koma karen mota kana kiran fasinja.

'Yan'uwa da muke sallar Juma'a tare suka ce in biya 90 ɗin kawai in huta, wai wa ke ja da hukuma a ƙasar mutane. Na ce a'a. A dokar nan, da zarar ka biya ka amsa laifi ke nan, ƙofar ƙara ta rufe, a cire maka maki, magana ta mutu. Abin da ya fi damuna ma shi ne, idan ba motata ba ce aka gani, to wani ne yake yawo da lambata. Yau gudu ya yi. Gobe idan ya take ɗan mutane ya tsere, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Suna ɗaya na zo da shi ƙasar nan, wanda Baba ya raɗa mini, kuma ba zan bar wani ɓarawo ya ɓata shi ina ji ina gani ba.

Abu na farko, na nemi a aiko mini da hoton. Haƙƙin mai mota ne: ka tura kwafen takardar tarar, da na kat giriz, da na katin shaida. Amma neman hoto ba ya tsayar da lissafin kwana 45 ɗin nan, suna nan suna tafiya. Da hoton ya zo, muka baza shi a kan tebur, ni da uwargida da 'yarka babba. Ta bayan motar aka ɗauki hoton. Peugeot ce irin tawa, lambar kuma tawa ce, harafi da harafi. Gabana ya faɗi. Sai yarinyar ta sa yatsa ta ce, “Baba, dubi nan.” A ƙasan bamba akwai ƙugiyar jan tirela, tawa ba ta taɓa samun ƙugiya ba. A saman motar akwai ƙarafan ɗaura kaya; tawa kanta a aske yake. Sannan a kusurwar dama ta lambar, inda ake sa lambar jiha, nasa 13 ne, na yankin Marsey, nawa kuwa 69 ne, na Liyon. Ɓarawon ya kwafi lamba amma son garinsu ya hana shi kwafe kusurwa. Da na ga haka sai na tuna da kai, lokacin da ka ɗauki takalmin Kawu ka je zance, ka dawo ka ajiye shi da laka.

Daga nan na tafi kumsariya na shigar da ƙara cewa an saci lambar motata. Ɗan sandan ya saurare ni, ya buga a kwamfuta, ya karanta mini abin da na faɗa, na sa hannu, ya ba ni rasit. Wannan rasit ɗin shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Ga dalili. Shuɗiyar takardar nan ta ƙara gida uku gare ta. Na farko na wanda aka sace wa mota, ko ya sayar da ita, ko aka kwafi lambarsa. Na biyu na wanda ya ba da aron mota, sai ya rubuta sunan wanda ya tuƙa da lambar farminsa. Da kana nan, wannan gidan zan cike da sunanka ko da kana barci a ranar. Na uku na wanda yake da wata hujja daban, shi kuma sai ya fara ajiye kuɗi daidai da tarar kafin a duba maganarsa, idan ya yi nasara a mayar masa. Mai rasit ɗin 'yan sanda yana gida na farko, ba ya ajiye ko sisi.

Sai wasiƙar bayani. A nan ne za ka sha mamakin mutanen nan. Mu idan za mu rubuta wa babba, sai mun tambayi lafiyarsa da ta iyali da gajiya da sanyi kafin mu taɓo abin da ya kawo mu. Su kuwa daga “Malam ko Malama” sai magana. Duk gaisuwar sai su tara ta a ƙarshe, cikin jimla guda doguwa, inda kake roƙon mutum ya daure ya karɓi gaisuwarka ta girmamawa. Wato sai sun gama faɗa maka abin da suke so tukuna su gaishe ka, kamar kai idan ka zo cin bashi.

Shafi ɗaya na rubuta. Lambar takardar tara, rana da sa'a, sannan na ce motar da ke cikin hoton ba tawa ba ce, ga abubuwa uku da suka bambanta su. Ban yi rantsuwa ba, ban ce ni talaka ne mai iyali ba, ban zagi akwatin rada ba, domin wanda zai karanta ba ya neman hawaye, abin da zai iya dubawa da idonsa yake nema. Na haɗa da rasit ɗin 'yan sanda, da hoton motata daga baya, da takardar da shugabana na wurin aiki ya sa wa hannu cewa a wannan sa'a ina bakin aiki. Ana iya tura duk wannan ta intanet, amma ni na fi son gidan waya, wasiƙa mai rajista wadda sai an sa hannu an karɓa, a dawo maka da shaidar isarta. Na ajiye kwafen kowace takarda a cikin jakar da nake ajiye fasfo.

Aka ɗauki lokaci shiru. Rannan sai ga wani ambulan: an rufe maganar, babu tara, makina 12 cif. Ban ga alƙali ba, alƙali bai gan ni ba, ban durƙusa wa kowa ba, ban nemi wanda ya san wani ba. Wallahi taubashi na ji daɗin wannan har cikin raina. Da rasit ɗin da hoton kuma aka sauya mini lamba, duk da cewa tun 2009 mota a nan da lamba ɗaya take rayuwa har ta mutu. Shi kuwa mutumin Marsey, ranar da ya shiga hannu, doka ta tanadar wa mai yawo da lambar wani ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar yuro 30,000.

Kada ka ɗauka Faransawa suna ƙaunar akwatunan nan. A 2018, da aka rage gudun hanyoyin karkara daga 90 zuwa 80, ga kuma rikicin masu riguna ruwan ɗorawa, an ƙona wasu, an shafe wasu da fenti, an lulluɓe wasu da leda. Nan Liyon ma tun 2022 yawancin titunan gari 30 ne, gudun da kai kake yi da ribas. Amma ni, duk da wahalar da na sha, ina bayan akwatin. A 1972 mutum fiye da 16,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar nan cikin shekara guda. Yanzu ba sa kai 4,000, alhali motoci sun ninka. Ba rada kaɗai ta yi aikin ba, akwai ɗamarar kujera da gyaran hanya da hana tuƙi cikin maye, amma tsoron wasiƙar nan yana ɗaga ƙafar mutane daga totur, ni shaida ne kullum a hanya.

Shi ya sa zan ajiye wasa in gaya maka wata magana. Kai babu akwatin da ke ɗaukar hotonka, babu mai cire maka maki, amma rayukan mutane kake ɗauka a bayanka, mata da goyo da tsofaffi masu zuwa asibiti. Duk sanda aka ce mota ta kife tsakanin Tasawa da Takeita, sai Inna ta kira ni muryarta tana rawa kafin ta sami layinka. Don Allah ka rage ƙafa, musamman ranakun kasuwa da ake tsallaka titi da jakuna da amalanke, kuma ka daina tafiyar dare da tayoyin nan da suka suɗe. Na tura kuɗin taya biyu ta hannun Kawu, ba ta hannunka ba, don na san za su koma shayi da tsire. Ka sa su a gaba, ka aiko mini da hoto in gani.

Idan mai zuwa ya samu, a aiko mana da kuka da yaji da kuɓewa busasshiya. Kilishi kada a sa, ba a barin nama ya shigo a jakar matafiyi, a filin jirgi za a karɓe shi. Maganar kuɗin shara kuma tana nan, ban manta ba, na bara da na bana duk ina bin ka.

Wassalam.

Naka,
ubangidanka na Liyon.