Bayarabe, Ka Tambayi Wutar Kamarawa Kafin Ka Rubuta Lissafi?

Gaisuwar ubangida zuwa ga baransa. Bayarabena na Ikeja, ina kasuwa, ina gajiya, yaya manja da barkono? Ina fatan amala ba ta yanke ba, don na san ranar da ta yanke ko ƙofar shago ba ka iya ɗagawa.

Lissafin da ka turo wa ɗan ƙanena ya iso hannuna. Tun da ka zaɓi ka zagaya ta bayan gida ka aika masa ta WhatsApp ba da sanina ba, ni kuma a bainar jama'a zan ba ka amsa. Yaro ya sayar da wakensa na bana, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, yana son ya gyara tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakinsa a Kamarawa don ya riƙa buga ƙwallo da abokansa, in abin ya karɓu har ya riƙa amsar 'yan canji. Ya nemi shawararka saboda ya ji an ce duk abin da aka rasa na kwamfuta a ƙasar nan, a je layin Otigba. Kai kuma ka gyara zama ka rubuto masa sabon akwati mai gefen gilashi, da fankoki uku masu canza launi, da madannai masu walƙiya, da katin hoto RX 580. Can ƙasa ka ƙara da cewa in da hali RTX 4090 ya fi.

In da hali! Halin wa? Katin nan da ya fito a 2022 dala 1,599 aka sa masa, shi kaɗai, ba allo ba waya. Yana shan wuta wat 450, kuma masu shi da kansu sun ce kada a haɗa shi da akwatin wutar da bai kai wat 850 ba. Ƙaramin janaretan nan da ake kunnawa a shagon aski, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai wuce wat 650 da 'yan kai ba. Ka ga kenan tun kafin alƙalin wasa ya busa usur, janareta ya yi tari ya kwanta. Na san ba don yaron ya saya ka rubuta ba. Ka rubuta ne don in ya ga wancan farashin, na RX 580 ya zame masa kamar kyauta. Wannan dabara tun muna Alƙalawa muka san ku da ita.

Abin da ya fi ba ni dariya, ko tambayarsa ba ka yi ba wace irin kwamfuta ce gare shi. To bari in gaya maka. Dell OptiPlex 9020 ce, siririyar nan ta ofis da ake kawowa gwanjo, mai furosesa Core i5-4570 ta 2013, da RAM giga 4, da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Akwatin wutarta wat 255 ne duka-duka. RX 580 ɗinka kuwa shi kaɗai yana neman wat 185, yana kuma buƙatar wata waya ta daban mai baki takwas da za ta fito daga akwatin wuta, wadda wannan kwamfuta ba ta da ita. Ko a ce tana da ita, katin ba zai shiga ba, ya fi cikinta faɗi, murfi ba zai rufu ba. Za ka ce a canza akwatin wuta. Nan ma akwai magana: mahaɗar wutar da ke jikin babban allon cikin wannan samfuri ba irin ta gama-gari ba ce, sai an nemo wata wayar juyi, sannan babban akwatin wutar ba shi da wurin zama. Daga nan sai sabon akwati, wato mai gilashin da ka riga ka rubuta a layin farko. Ashe tun daga sama ka shirya tarkon. Sirdin ingarma ka ɗauko za ka ɗaura wa jakin kai taki, in bai zauna ba ka ce a sayi doki.

Zauna in karantar da kai sana'arka.

A Kamarawa, kayan gyara na farko ba ya cikin kwamfuta ma. Wuta ce. Wutar gidanmu rana ce da batir, sai janareta in an matsu, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba mai kunna janareta don nishaɗi sai ya yi lissafi. Ga lissafin, in kana da alƙalami. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya a takarda. Irin na ruwa ba a son a shanye fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 1,200. Kwamfutar yaron da ƙaramin kati da allonta ba za su wuce wat 170 zuwa 180 ba ana tsakiyar wasa, wato awa shida zuwa bakwai, daga la'asar har bayan isha'i da sauran canji. Ɗora masa RX 580, awannin su ragu zuwa huɗu ko ƙasa. Na mafarkin naka kuwa ko awa biyu ba zai kai ba. Wanda zai karɓi kuɗi a kan kowane wasa, kowane wat da ya tafi a fitila mai canza launi daga aljihunsa ya fita.

Bayan wuta sai faifan ajiya. A cire mai juyawa daga matsayin gaba a sa SSD. Tsohon yana karanta abin da bai fi mega 100 zuwa 150 ba a daƙiƙa, SSD mai mahaɗar SATA yana kai wajen 500. Ba zai ƙara wa hoton wasa kyau ba, gaskiya ɗaya ce, amma kwamfutar da ake kunnawa a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba, za ta riƙa tashi kafin a gyara zama. Ba shi da abin da ke juyawa a ciki, don haka girgizar hanya ba ta yi masa illar da take yi wa tsohon. Mai giga 480 ko 512 ya isa. Tsohon faifan a bar shi a gefe yana riƙe finafinai.

Sai RAM. Giga 4 ta yi kaɗan, a mayar da ita 16, amma sanda biyu masu takwas-takwas, don allon yana aiki da layi biyu a lokaci ɗaya in ya sami tagwaye. Kuma DDR3 za ka aiko. Na faɗa da babbar murya saboda na san wadda ta cika maka durowa DDR4 ce, ita kuwa tsagar da ke gindinta ba ta daidaita da ramin wannan allo. Batun tsaga dai bai kamata Bagobiri ya koya wa Bayarabe ba, tun da daga kumatunmu kuka kwafa, kuka kasa ƙirga shida da bakwai kuka tsaya inda kuka gaji.

Yanzu katin hoto, inda kuɗin ke tafiya. Ramin da ake soka kati a jikin allo yana ba da wuta har wat 75 da kansa. Duk katin da bai wuce haka ba, ba ya neman wata waya. A nan zaɓi yake: GTX 1050 Ti na 2016 ko GTX 1650 na 2019, dukansu giga 4, dukansu akwai gajeren samfuri da aka yi don siririyar kwamfuta irin wannan. In aljihu ya yi nauyi akwai RTX 3050 mai giga 6 na 2024, wat 70 yake sha. In ya yi sauƙi sosai, tsohon GTX 750 Ti na 2014 har yanzu yana tura PES da GTA V ba kunya. RX 6400 ma ɗan ƙarami ne mai ƙarancin shan wuta, sai dai an yi shi ne don sababbin alluna, a kan tsoho irin namu yana rage gudu. Wanda ban yarda ka ambata ba shi ne GT 710. Wannan kati ne na nuna rubutu, duk wanda ya sayar wa yaro shi da sunan gem ya nemi gafara.

Ni ban ce kana sayar da jabu ba. Cewa na yi ka san masu sayarwa, kuma kuna cin abinci kwano ɗaya. Akwai katunan da ake ɗauko tsohon GTS 450 na 2010, a canza masa bayanin ciki, a manna masa takarda, kwamfuta ta riƙa karanta shi a matsayin 1050 Ti. Alamar farko a bayansa take: in ka ga shuɗin bakin VGA a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne, ka riƙe kuɗinka, domin tun daga wannan zubin Nvidia ta daina fitar da hoto ta tsohuwar hanyar. Alama ta biyu, a buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce, takan tona asirin irinsu. Faifan SSD ma akwai CrystalDiskInfo da ke faɗin awa nawa ya yi yana aiki. Na koya wa yaron duka biyun, don haka kafin ka naɗe kaya ka san da wa kake ciniki.

RX 580 ɗin da ka nace a kai, ka faɗa masa inda ya yi ƙuruciyarsa? Katin kirki ne a 2017, giga 8, ban ƙi ba. Amma shi ne abin hawan masu haƙar kuɗin intanet. Sun jera su ɗaruruwa a rumbuna suna aiki dare da rana shekara da shekaru, har ranar 15 ga Satumba 2022 da Ethereum ta canza tsari ta daina buƙatarsu. Daga nan aka kwaso su, aka wanke, aka sa a sabon kwali aka watso kasuwannin duniya. Wani yana da sauran rai, wani fankarsa ta gama yawo. A Legas, in ya mutu bayan mako biyu, mutum ya hau ɗan acaɓa ya dawo maka da shi ku yi ta hayaniyarku da kuka saba. Daga Kamarawa fa? Sai ya fito Isa, ya nemi motar Sakkwato ko ya bi ta Shinkafi zuwa Gusau, sannan ya kama hanyar kilomita wajen dubu. Kuɗin motar ya sayi wani katin.

Ga kuma abin da ba ka taɓa gani ba a garinku mai gumi. Bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Kati in ya kai wajen digiri 83 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, kuma mai shan wat 185 ya fi mai shan 75 saurin kaiwa can. Hunturu ya zo da ƙurarsa, fankokin nan uku da ka rubuta su zuƙo ta su cusa a ciki, gilashin ya zama tagar kallon ƙasa. Abin da ake buƙata ɗan man shafawa ne na kan furosesa, domin wanda ke kai tun daga masana'anta ya bushe ya zama garin alli, sai burushi mai laushi, sai a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a rufe ta da zane in an kashe. Duka wannan bai kai kuɗin fanka ɗaya mai launi ba.

Wata magana kuma ba ta wasa ba ce, kai ma ka sani, don ka sha kira kana tambayar lafiyarmu, na kuma gode. Yankinmu ya ga tashin hankali. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Wanda ya ga wannan ba zai gina sana'arsa a kan wasan da sai da intanet yake buɗewa ba. Kuma kayan da mutum zai iya saɓawa a hammata in tafiya ta kama ya fi masa akwatin gilashi. Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Shi ya sa na ce masa ya riƙe PES 2021, wanda ake bugawa mutum biyu a zaune ba ruwansa da layi, ya bar eFootball da ya gaje shi, mai yawan neman a haɗa shi da intanet. Sabuwar ƙwallon EA kuwa, wadda ta bar sunan FIFA a 2023, mafi ƙarancin abin da take nema shi ne 1050 Ti da furosesa i5-6600K da wurin ajiya giga 100. Furosesar yaron ba ta kai nan ba, na kuma gaya masa gaskiya tun yanzu. Haka Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar abin da ya gaza zubi na takwas, tasa kuwa na huɗu ce, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka wannan kwamfuta ba wadda za a zuba wa dukiya ba ce. A kashe mata daidai abin da za ta mayar cikin shekara biyu ko uku. SSD da katin, in Allah ya hore wata, sai a cire su a tafi da su.

Kada ka ɗauka ba mu da wata kasuwa sai taku. Farm Centre da titin Beirut suna nan a Kano, Maraɗi ma ga ta nan tsallaken iyaka. Zumunci ne ya sa muke tsallake su mu zo gare ka, don ubangijin da ya bar baransa da yunwa shi ake zagi.

Ga abin da za ka sa a kwali: SSD mai giga 512, sanda biyu na DDR3 takwas-takwas, GTX 1650 gajere tare da guntun ƙarfensa na ɗaurawa, man furosesa ɗaya, da hannun wasa biyu masu waya, don marasa waya batir suke ci. Ka ɗauki bidiyon katin yana aiki, lambar jikinsa ta fito, ka turo kafin ka ba direba. Rabin kuɗi yanzu, rabi in yaro ya buga wasa goma kwamfuta ba ta mutu ba. Fitilun ka kai su wurin bikinku na ranar Asabar, can za su yi amfani. Batun kuɗin shara kuma mu haɗu a watan Cika-ciki, kada ka ce layi ne ba ya shiga.