Ranar da Na Yi wa Mota Aski

Uwargida ta ce tun ranar da na fara leƙa garejin maƙwabcinmu ta san akwai magana. Wani dattijon Bature ne, gajere, ya yi ritaya, ba shi da aiki sai goge wata Ford ƙirar 1932 da aka zaftare wa rufi, har gilashin gabanta ya koma kamar idon mai gyangyaɗi. A nan Lankasta, cikin hamadar Kalifoniya, wannan hauka gado ne. A shekarun 1930 samari kan sayi tsofaffin Ford da araha, su cire duk wani abu mai nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su tafi busassun tabkuna irin Muroc da El Mirage su gwada gudu. Irin motar suke kira hot rod. Rage rufin kuwa da farko don iska ne: in mota ta duƙa, iska ba ta tare ta sosai. Daga baya abin ya koma gayu, musamman da wani mai suna Sam Barris ya yi wa wata mota Mercury ƙirar 1949 irin wannan aski.

Wata Lahadi dattijon ya kai ni El Mirage kallon tsere. Na dawo da ƙura har cikin kunne, da wata cuta a zuci. Ba a yi wata guda ba na jawo Ford ƙirar 1950 daga bayan gidan wani manomi, inda kaji suka mayar da ita akurki.

Uwargida ta zagaya ta sau ɗaya. "Maigida, wannan akwalar sadaka aka ba ka, ko da kuɗinmu ka saya?"

Na yi mata bayanin injin mai silinda 8 da ƙarfin doki 100. Ta ce ita dai ba ta ga ko jaki ɗaya ba.

Dattijo ya yi alkawarin taimako, amma zai je Arizona wajen 'yarsa mako biyu. Ya ce kada in taɓa komai sai ya dawo. Kwana uku na yi haƙuri. A na huɗu na kira wani ɗan Damagaram mai tuƙa tirela da wani ɗalibi ɗan Sakkwato, na ɗauki alli na shata inci 4 a kowane ginshiƙi, na ce bismillah, na kunna injin yankan ƙarfe.

Ashe kafin a yanke rufi sai an tokare cikin mota da sandunan ƙarfe an yi musu walda, don rufin ne ke riƙe da jikin. Muna ɗaga shi na ji motar ta yi wata ajiyar zuciya. Ƙofar direba, wadda ta shekara fiye da 70 tana rufuwa lafiya, ta ce ta gama aiki.

Wannan ma wasa ne. Mota kamar tulu take, ƙasa faɗi, sama tsuke. In ka cire inci 4 a tsakani, abin da ya rage a sama ba zai haɗu da na ƙasa ba. Muka sauke rufin, ya zauna kamar faifan da ya yi wa ƙwarya kaɗan: in gaba ya haɗu, baya ya yi hamma. Ɗan Damagaram ya tura, ɗalibi ya ja, ni ina ba da umarni kamar na san abin da nake yi. Can ɗalibin ya tuna yana da jarrabawa.

Don in huce haushi na koma kan gilashi. Na gaba shimfiɗaɗɗe ne, falle biyu da roba a tsakani, yana yankuwa. Na baya kuwa gasasshe ne, ba a yanka irinsa ko a Ditiroit. Ina ɗora masa kaifi ya ce tas, ya zube kamar tsakin masara. Har yau in na share gareji ina tsintar jikokinsa.

Da dattijo ya dawo ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba, sannan ya cire tabarau ya goge. Wata bakwai muka yi muna ɗinkin abin da na ɓata a yini ɗaya: ya raba rufin gida huɗu, ya cike tsakanin da fallayen ƙarfe, yana walda ɗigo-ɗigo don kada zafi ya lanƙwasa shi. Ni aikina miƙa guduma da dafa shayi.

Aski ya zo gaban goshi ana saura mako guda Babbar Sallah. Mota ta fito baƙa wuluk, tana sheƙi. Don kammala ado na kai kujera aka cika ta da sabon soso. Ban tuna cewa duk awon da na yi a kan tsohuwar kujerar da ta lotsa na yi shi ba, kuma kaina ba hula.

Ranar Idi na ci babbar riga, na kafa zanna bukar, na buɗe ƙofa na shiga. Hular ta riga ni sanin gaskiya, ta nitse har gira. Na karkata wuya kamar mai sauraron gulma ta jikin bango, muka kama hanya. A danjar farko na gane ba na iya hango fitilar, rufi ya tare ta. Sai uwargida ce ke leƙa kai ta taga tana cewa, "Maigida, ta ba ka hannu."

A filin Idi mutum uku suka yi mini sannu da ciwon wuya, wani Alhaji har ya ba ni sunan man zafi. Da za mu koma uwargida ta ce ita a motar maƙwabta za ta bi. Ta miƙo hannu ta taga.

"Kawo hular in tafi da ita, ita ba ta yi laifin komai ba."