Kafin Ka Kai Mafarkinka Wurin Malam

Ɗan'uwa, kafin mu taɓa maganar fassara, me ka ci da daddare? Da gaske nake tambaya. In ka tashi da malmala uku ta tuwon dawa da miyar kuka, ka bi da ragowar alalar da aka sayo da la'asar, ka kora da kunun zaƙi, sannan ka miƙe a tabarma tun ciki bai gama sanin abin da ya same shi ba, to raƙumin da ya biyo ka da gudu har bakin rijiya ba daga wani gari ya zo ba, daga cikin kwanonka ya fito. Maganinsa ka ci tuwo da wuri, ka ɗan taka zuwa bakin titi ka dawo kafin ka kwanta.

An daɗe da sauƙaƙa mana wannan aiki. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa yana kwancewa, ya biyo shi makwanci. Aikinka na farko da safe shi ne ka gano daga wane gida baƙonka na jiya ya fito, kuma ina ba ka shawara ka fara leƙa gida na uku, don can ne aka fi cika. Telan da aka jibge wa ɗinkin salla, ga dare ɗaya ya rage, ga babu wuta, in ya ga mata sun kewaye shi kowace riƙe da almakashi, ba ya bukatar littafi, ya san sunan kowace a cikinsu da launin atamfarta. Haka uwar adashen da aka ci kwasa aka daina zubi, haka ɗalibin da ke jiran sakamakon JAMB ya ga an raba takarda shi kuma alƙalaminsa ya zama rogo. Hatta fadawan sarkin Masar, da ya kawo musu mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu suka cinye, cewa suka yi tarkacen mafarki ne. Sun yi kuskure a wannan karon, amma amsar tasu ta dace da yawancin abin da ni da kai muke gani.

Akwai mafarki ɗaya da ba a jiran safiya kafin a fassara shi. Duk lokacin da ka ga kanka ka matsu, kana yawo kana neman banɗaki, can sai ga shi an share, ga buta cike da ruwa, ba kowa a layi, to kada ka shiga. Tashi! Wannan shi ne mafarkin da fassararsa take sauka nan take, a kan katifa.

Sai maganar tunawa. Da yawa za ka ji suna cewa su ba sa mafarki, alhali yi suke, mantawa ce kawai. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka gano cewa akwai lokutan da ƙwayar idon mai barci take kai da kawo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma in aka tashe shi a daidai lokacin, galibi zai ba da labarin mafarki tiryan-tiryan. Wannan barcin mai motsin ido yana zagayowa kusan duk bayan minti 90, gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo yayin da asuba take matsowa. Shi ya sa wanda ya koma barci bayan sallar asuba yake ganin abubuwa iri-iri, har ya je Makka ya dawo kafin a dama koko. Shi ya sa kuma abin da ke faruwa a tsakar gida yake kutsowa ciki: ƙarar janareton maƙwabci ta zama jirgin da zai kai ka Jidda, kukan zakara ya zama jiniyar gwamna.

Mafarki kamar kazar da aka sayo jiya yake, in ka banko ƙofa da ƙarfi ta tsallake katanga, ba ka ƙara ganinta. Don haka in ka farka, kada ka zabura. Yi addu'ar tashi daga barci a yadda kake kwance, ka ɗan dakata ido a rufe, ka fara laluben abin da ka ji a ranka: tsoro ne, daɗi ne, ko kewa? Kamo wannan, sai ka bi shi da baya-baya, daga inda ka farka zuwa inda aka faro. Babban ɓarawon mafarki a wannan zamani waya ce. Da zarar ka buɗe WhatsApp ka ga an turo sanarwar ɗaurin aure huɗu da farashin buhun masara, shi ke nan, ta tsere. Ajiye ɗan littafi da biro kusa da matashi, ka rubuta ko da kalma biyar ce, da boko ko da ajami, ka sa kwanan wata. In rubutu da magagi yana maka wuya, ɗauki muryarka a waya, amma ka buɗe ido da kyau ka ga inda kake dannawa, kada dangi gaba ɗaya su wayi gari da labarin yadda ka auri ɗiyar sarkin aljanu. Bayan 'yan makonni ka koma ka karanta. Za ka tarar akwai gidan da kake yawan komawa, da mutumin da ke yawan zuwa, kuma sau da yawa za ka gane abin da ke damunka wanda da rana kake cewa ba komai.

Abin da ka gani shi za ka rubuta, ban da ƙarin gishiri. Wannan gargaɗi na musamman ne ga masu mafarkin kakar zaɓe, waɗanda suke sammako gidan ɗan takara su durƙusa su ce, “Ranka ya daɗe, jiya na gan ka a kan farin doki ana busa maka algaita,” da yamma kuma su kai wa abokin hamayyarsa dokin nan dai da sirdinsa. Haka saurayin da zance ya ƙare masa a dandali sai ya ce wa yarinya an nuna masa ita a mafarki. Abin dariya ne, amma ba ƙaramin laifi ba ne: a Bukhari an ruwaito cewa wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu a lahira, kuma ba zai iya ba. In kana son ta, faɗa mata da bakinka ido biyu, ka turo magabata.

To, ka riƙe mafarkin, wa za ka ba? Da Annabi Yusuf ya ga taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada, mahaifinsa ya kai wa, kuma abin da Annabi Yakubu ya fara yi shi ne hana shi gaya wa 'yan'uwansa. 'Yan'uwa fa, ba mutanen teburin mai shayi ba. Mafarki mai kyau na masoyi ne, wanda in ya ji zai ce Allah ya tabbatar har cikin ransa. Mummuna kuwa ba na kowa ba ne. Ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya ɗaya gefen, in ka ga dama ka tashi ka yi nafila, sannan ka ja bakinka. Muslim ya kawo labarin mutumin da ya zo ya ce ya ga an sare masa kai, kan yana gangarawa shi kuma yana bin sa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai fassara masa ba, ya hore shi ne da ya daina ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi cikin barci. Ina ƙaunar wannan hadisi saboda nauyin da yake sauke wa mutum daga ƙirji.

Game da littattafan fassara da ake shimfiɗawa a bakin masallacin Juma'a, saya ka karanta, amma ka san abin da ka saya. Muhammad Ibn Sirin mutumin Basra ne, tabi'i, ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, kuma ya shahara da wannan ilimi. Sai dai masana da dama suna shakkar cewa littafin da ke yawo da sunansa shi ya rubuta. Labarin da aka fi bayarwa a kansa ma ya saɓa wa tsarin buɗa-shafi-ka-ga-amsa: mutum biyu suka zo masa, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa na farko zai yi aikin hajji, na biyu kuwa ya ce za a kama shi da sata. Mafarki ɗaya, amsa biyu, domin mutanen ya duba. Macijin da manomi ya gani da damina, bayan ya wuni yana nome ciyawa har gwiwa, daban yake da na wanda rabonsa da gona tun yana firamare. In an ce maka faɗuwar haƙori mutuwar dangi ce, fara taɓa haƙorin da harshe tukuna, wataƙila kogo ne yake neman likita. In an ce ganin kashi kuɗi ne, madalla, amma ka fita kasuwa, ba a taɓa biyan kuɗin haya da shi ba.

Mai fassara na ƙwarai yana da alama. Yana tambayar halin da kake ciki, yana iya cewa bai sani ba, kuma in ya fassara yakan bar ka da aikin yi. Annabi Yusuf bai tsaya a faɗin cewa shekara bakwai na wadata da bakwai na fari suna tafe ba, ya ce a yi noma, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan a adana saura. Wanda kuwa tun ba ka kai ƙarshen labari ba ya nemi sunan mahaifiyarka da baƙin bunsuru da ƙwai bakwai, sannan ya ce akwai wata doguwa baƙa a gidanku, ɗauki takalminka. Kusan kowane gida akwai doguwa baƙa, kuma yawanci ita ce take dafa maka abinci.

A nan zan ajiye raha. Mafarki ba shaida ba ne. Malamai ba sa gina hukuncin shari'a a kansa, alƙali ba ya karɓarsa, kai ma kada ka karɓa a kan wani bawan Allah. Yaro yana kwance jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, ya ambaci sunan tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku, wadda kullum take ba shi gyaɗa. Sunan da ya saba ji ne ya zo bakinsa. Zazzaɓin cizon sauro yana sa wannan, kuma in ya hau kai yana kisa cikin ɗan lokaci. Awannin da za a ɓata ana taruwa a ƙofar tsohuwa ana cewa ta zo ta tsallaka shi, su ne awannin da ya kamata a ce an ɗiga jininsa a abin gwaji an fara magani. Ita kuma an bar ta da tambarin maita har jikokinta su rasa masu aure, a kan abin da ba ta sani ba, tana can tana barcinta. Haka wadda ta ga kishiya tana bin ta da wuƙa ta tashi ta daina amsa gaisuwarta, haka wanda ya ga amininsa yana haƙa masa rami ya janye jari. Wanda ka gani a mafarki bai zo ba, kai ka kawo shi.

Dannau ma yana da bayani. A lokacin barcin motsin ido, ƙwaƙwalwa tana sassauta gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, in ba haka ba da masu mafarkin dambe sun gama da matansu. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa, sai ka ji ka a danne, ba motsi ba magana, har ka ga inuwa a bakin ƙofa. Yana wucewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Yi ambaton Allah a zuci, ka yi numfashi a hankali, ka gwada motsa ɗan yatsa. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi, don haka kwanta ta gefe, ka rage hirar dare. Amma wanda mummunan mafarki iri ɗaya yake tasa kusan kullum, musamman wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga ko hatsarin mota, wannan ciwo ne mai magani, kada a ce masa ya cika tsoro. A haɗa masa addu'a da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Masu istihara kuma, ba sharaɗi ba ne sai an ga fari ko kore a barci. Ka yi raka'a biyu, ka yi addu'a, ka yi shawara, ka nufi abin. Kada ka bar 'yar mutane tana jira wata shida kai kana jiran mafarki.

Saura ranar da kai za a kawo wa mafarki. Ajiye waya, ka saurara har ƙarshe ko da labarin ya bi ta Zariya kafin ya iso Kano, ka ce Allah ya sa alheri ne, in ba ka san fassara ba kada ka ƙaga. In kuma uwargida ce ta tashi tana harararka, ta dire maka kofin shayi da ƙarfi, ka tambaya ta ce ta yi mafarkin ka ƙara aure har an kawo kaya ana guɗa, to kada ka yi dariya, kada ka ce amin, kada kuma ka kuskura ka tambayi kamannin amaryar. Ce mata zancen zuci ne, Malam ma ya faɗa, sannan ka ƙara kuɗin cefanen ranar ka dawo gida da wuri, da tsire a hannu.