Faran Biyar Ɗin Tsakar Dare

A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan babu kwandasta a bakin ƙofa, babu kuma shingen da zai tare ka kafin ka hau jirgi. Ka yanki tikiti a inji, ka shiga, ka zauna. Sai dai jefi-jefi masu duba tikiti kan faɗo, wani lokaci cikin kayan gida, kuma ba sa nuna kansu sai ƙofa ta rufe.

Wani abokina Bakano da ya je karatu can a 2018 ya ɗauka ya gama gane kan garin. Tikitin wata guda ya saya, har yana yi wa sababbin zuwa lacca a kan bin doka.

Ran wata Juma'a aka gayyace shi cin tuwo a bayan gari. Hira ta yi daɗi, shayi ya zaga sau uku, kafin ya farga ƙarfe ɗaya na dare ta gota. Bai damu ba, don tun 2002 yankin Zurik ke da jirage da bas-bas na dare a daren Juma'a da na Asabar. Ya hau jirgi mai alamar SN, ya miƙe ƙafa.

Tasha biyu aka yi, sai ga mutum biyu suna bi kujera-kujera. Gogan naku ya zaro tikitinsa tun kafin su iso, yana murmushi. Macen cikinsu ta duba, ta gyaɗa kai, ta sake miƙo hannu.

"Ƙarin kuɗin dare fa?"

"Ƙarin me? Hajiya, na wata ne, duba da kyau."

Ta ce ta gani. Ashe a wancan zamani duk wanda zai hau motar dare sai ya biya faran 5 a kan tikitinsa, abin da suke kira Nachtzuschlag. Ko mai katin shekara da ke yawo da shi duk faɗin ƙasar bai tsira ba. Ana yankarsa a inji ko ta saƙon tes, amma kafin a hau. Dalilinsu shi ne zirga-zirgar dare hidima ce ta daban, masu morarta su ɗauki wani kaso na nauyinta. A ganina hujjar ba ta da laifi, illa dai baƙo ba ya mafarkinta.

Abokina ya san ƙarin kuɗin dare, ai ko ɗan adaidaita a Kano yakan ninka kuɗi bayan isha'i, amma da baki yake faɗa, a yi ciniki, a rabu lafiya. Don haka ya laluba aljihu ya fito da tsabar faran biyar, ƙatuwar nan mai nauyi, ya ce, "To ga shi, Allah ya ba da haƙuri." Ba ta karɓa ba. Ya ƙara biyu. Ya ce shi ɗalibi ne, baƙo, kuma maraya, alhali mahaifinsa na nan daram a Kantin Kwari. Matar ta saurare shi tsaf cikin ladabi, hannunta kuwa bai daina danna na'ura ba. Ta nemi katin shaida, ta rubuta adireshi, ta yi masa sai da safe.

Takardar tarar da ta iso ta gidan waya ta ninka faran biyar ɗin fiye da sau goma. Ya kai ta wurin biya, ya ƙirga kuɗin sau biyu ko Allah zai sa su ragu, ma'aikaciyar ta buga hatimi, ƙwas, ta ce na baya ya matso. Makon nan taliya da manja ya ci, manjan ma na aro.

A Disambar 2020 aka soke ƙarin kuɗin daren gaba ɗaya, tikitin rana ya wadatar. Ni na aika masa da labarin, a zatona albishir ne. Ya kira ni nan take, ko sallama babu.

"Waɗanda suka riga suka biya fa, ina za su kai rasit?"