Ihu a Gidan Mutane

A gidajen kallon ƙwallo na Dutsin-Ma, kuɗin da ka biya a ƙofa ya haɗa da 'yancin bakinka. Ɗan Chelsea da ɗan Arsenal benci ɗaya suke zama, su yi ta musu har a ɗauke wuta, sannan su haɗa kai su far wa mai janareta. Da wannan tarbiyyar na tafi Ingila ƙaro karatu.

Taubashina na Kurfi ne ya hana ni sakat. "Kai da kake ƙasa ɗaya da Ahmed Musa, ko hotonsa ka kasa turo mana? Anya ba a Legas ka maƙale ba?" Lokacin Musa bai daɗe da barin CSKA Moscow ya koma Leicester ba, kuma mu tun yana Kano Pillars muke jin namu ne, balle da ya zura wa Ajantina biyu a 2014.

Ranar 7 ga Janairun 2017 Leicester ta je gidan Everton, filin Goodison Park da ke Liverpool, wasan kofin FA. Na samu tikiti, na ɗora rigar sanyi a kan shaddata, na kafa zanna-bukar saboda hoto. Kafin in kai ƙofa kunnuwana sun daina amsa kira.

Da na zauna na waiga hagu da dama, sai na ga kowa da shuɗi. Na ce alhamdu lillahi, cikin 'yan'uwa na faɗo. Ashe Everton ma shuɗi take sakawa, kuma ita ce mai gida. Na san wannan sarai a talabijin, sanyi ne ya daskarar da ilimin.

Filin wasa kuma wani irin wuri ne. Babu mai sharhi da zai faɗa maka wa ya taɓa ƙwallo, babu mai gyaɗa, babu wanda zai tambaye ka ra'ayinka. Wani dattijo a gefena ya miƙo mini alewa, muka yi ta gyaɗa wa juna kai. Har ga Allah mutumin kirki ne.

Bayan hutun rabin lokaci Lukaku na Everton ya ci. Duk 'yan'uwan nawa suka miƙe da ihu, dattijon ya rungume ni. Sai a lokacin na hango mutanen Leicester can a wani lungu, tsit. Na yi wa kaina nasiha: Malam, kama bakinka.

Nasihar ba ta yi minti biyar ba. Musa, wanda aka sako daga benci tun kafin hutu, ya farke. Ni dai na tsinci kaina a tsaye, hula a hannu, ina kwarara ihu: "Ɗan gida! Allah ya yi maka albarka!" Dubban mutane a zaune, ni kaɗai a tsaye kamar ladan. Wani ƙato a bayana ya faɗi wata magana da ba ta cikin Turancin da aka koya mana a sakandare.

Na zauna na tura hannuwana ƙarƙashin cinya. Bayan wasu 'yan mintuna Musa ya ƙara ta biyu. Wannan karon na danne, sai dai wani sauti ya kuɓuce mini ta hanci, na mayar da shi tari. Dattijon bai sake miƙo alewa ba. Wani ma'aikacin fili ya matso ya raɗa mini cewa in ina son lafiyata in fita kafin a tashi. Ban ja ba. A bakin titi na ji an tashi biyu da ɗaya.

Da dare na tura wa taubashi hoton da na ɗauka da daskararrun yatsu: ƙeyar wani Bature, gefen raga, da wani ɗigo can nesa.

"Wannan ɗigon shi ne Musa?"

"Shi ne."

"To ni alƙalin wasa nake gani. Ka dai gaishe mana da mutanen Legas."